Shin ƙaunar 'yan gari ta isa ta raya ƙungiyar ƙaramin gari?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya yana cewa: "Malam, kullum ana gaya mana magoya baya su ne ƙashin bayan ƙwallo. To in haka ne, me ya sa ƙungiyoyin ƙananan garuruwa suke durƙushewa ko a ɗauke su zuwa wani birni, alhali mutanensu suna son su kamar rai? Yanzu da kuɗi ya mamaye wasanni, ƙungiyar da ba ta babban birni ba tana da sauran makoma kuwa?"

Ɗan'uwa, tana da makoma, amma da sharaɗi. Na daɗe ina bin yadda kuɗi ke shiga da fita a ƙungiyoyin wasanni, kuma abin da na gani shi ne ƙaunar 'yan gari tana hana sunan ƙungiya ɓacewa, amma ba ta biyan albashi sai an zuba ta a wani mazubi da za a iya ƙirgawa: tikitin shiga, katin zama mamba, hannun jari, ƙuri'a a taron shekara. Bayan wannan kuma akwai wani abu da ya fi ƙarfin 'yan gari gaba ɗaya, wato yadda hukumar gasa take raba kuɗin haska wasa a talabijin.

Ƙungiya ƙofofi uku take samun kuɗi ta cikinsu. Akwai kuɗin ƙofa da abin da 'yan kallo ke saya ranar wasa, akwai kuɗin talla daga kamfanoni, akwai kuɗin talabijin. A ƙaramin gari ƙofofin farko biyu ƙanana ne, komai son mutane. Garin da ke da mutum dubu hamsin ba zai cika fili mai kujera dubu saba'in ba, kuma ba shi da manyan kamfanonin da za su yi gasar liƙa sunansu a ƙirjin riga. Saboda haka ran ƙaramar ƙungiya yana rataye ne a ƙofa ta uku, da wata ta huɗu da zan zo kanta, wato sayar da 'yan wasa.

Misalin da ya fi kowanne bayyana wannan yana Amurka, a ƙwallonsu mai kama da zari-ruga. Akwai wani gari a jihar Wisconsin da ake kira Green Bay, mutanensa ba su fi dubu ɗari da 'yan kai ba, ga sanyi mai tsanani. Ƙungiyarsa, Green Bay Packers, an kafa ta a 1919, kuma sunanta ya samo asali ne daga wani kamfanin sarrafa nama da ya ba da kuɗin sayen rigunan farko. A wancan zamani irin waɗannan ƙungiyoyin ƙananan garuruwa suna da yawa a gasar, amma ɗaya bayan ɗaya suka mutu ko suka koma manyan birane. Packers kaɗai ta rage. Ta ci gasar NFL, babbar gasar wannan ƙwallo a Amurka, sau 13, fiye da kowace ƙungiya, kuma filinta na Lambeau yana ɗaukar mutum sama da dubu 81, kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen garin ke nan. Tun 1960 ba a yi wasan gida da tikiti ya yi kwantai ba. Masu jiran a ba su tikitin kaka guda sun haura dubu 100, har ta kai iyaye suna rubuta sunan jariri tun yana tsumma, kuma tikitin yana shiga cikin abin da ake bar wa magada.

Me ya riƙe ta? A 1923 ƙungiyar ta kusa rufewa saboda bashi, sai 'yan kasuwar garin suka mayar da ita kamfanin jama'a wanda ba a kafa don riba ba, aka sayar wa mutane hannun jari. An sake yin haka a 1935, 1950, 1997, 2011 da 2021, inda a na ƙarshen aka sayar da kowane hannun jari dala 300. Yau masu hannun jarin sun haura rabin miliyan. Wannan jarin ba ya kawo riba ko sisin kwabo, ba a sayar da shi a kasuwa, kuma an ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai mallaka don kada wani ya haɗiye ƙungiyar. Abin da mai shi ke samu takarda ce da yake ratayewa a bango, da ƙuri'a a taron shekara. Amfaninsa babba shi ne babu wani attajiri guda da zai wayi gari ya ce ya samu tayi mai tsoka a wani birni zai kwashe ƙungiyar. A 2000 ma mutanen yankin suka kaɗa ƙuri'a suka amince a ƙara musu harajin sayayya don a gyara filin.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa da labarin, su ce ka ga abin da ƙauna take yi. Ni ina ganin rabin labarin ke nan. Tun farkon shekarun 1960 masu ƙungiyoyin NFL suka amince a sayar da haƙƙin talabijin a dunƙule a raba kuɗin daidai wa daida, ƙungiyar New York da ta Green Bay kaso ɗaya. Packers ce kaɗai ke buga lissafinta a fili, kuma wanda ta fitar a 2024 ya nuna kowace ƙungiya cikin 32 ta karɓi sama da dala miliyan 400 daga wannan asusun na tarayya. Tun 1994 kuma akwai iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashin 'yan wasa, kuma tun kafin nan wadda ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓar sabbin matasa daga jami'o'i. Babu kuma faɗawa rukuni na ƙasa. Ka cire waɗannan dokoki, ko da kowane mutumin Green Bay zai sayar da gidansa, ba za su iya gogayya da Dallas ko Los Angeles ba. Ka kuma sani cewa dokar NFL ta yanzu ta hana wata ƙungiya ta bi irin wannan mallaka ta jama'a, Packers an bar ta ne don ta riga dokar.

Sauran garuruwan Amurka da ba su da wannan katanga sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Maris na 1984 aka loda kayan ƙungiyar Colts a manyan motoci cikin dare aka bar Baltimore zuwa Indianapolis. Seattle ta rasa ƙungiyarta ta ƙwallon kwando a 2008 bayan shekara 41, St. Louis ta rasa Rams a 2016, San Diego ta rasa Chargers a 2017, Oakland ta rasa Raiders a 2020. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ɗauke don mutanen garin sun daina so. Rigimar kusan kullum a kan sabon fili ce: mai ƙungiya ya nemi gwamnatin birni ta gina masa da kuɗin haraji, in an ƙi ya tafi inda za a gina.

A ƙwallon ƙafar Turai, wadda muka fi sani, ciwon daban ne. Ba a cika ɗauke ƙungiya ba, bashi ne yake kashe ta. A gasar Firimiya ko wadda ta zo ta ƙarshe tana tashi da sama da fam miliyan 100 daga rabon talabijin, rukunin da ke ƙasa kuwa abin da ake samu bai kai ko kusa ba. Wannan tazarar ita ke sa masu ƙungiyoyi caca: su ci bashi su sayi 'yan wasa da fatan hawa, in ba a hau ba a rufta. Shekaru da dama ƙungiyoyin rukuni na biyu a Ingila, in ka haɗa su, albashin da suke biya ya fi duk abin da suke samu.

Labarin Bury yana ba ni tausayi har yau. Ƙaramin gari ne a arewacin Manchester, ƙungiyarsa an kafa ta a 1885, ta ci kofin FA a 1900 da 1903. A ƙarshen 2018 aka sayar da ita a kan fam ɗaya tak saboda tulin bashi. 'Yan wasan suka yi watanni ba albashi, duk da haka suka yi nasarar hawa rukuni na uku a 2019. A watan Agusta na wannan shekara hukumar gasa ta kore ta gaba ɗaya, bayan shekara 125 tana ciki. A kwanakin ƙarshe magoya baya sun fito da tsintsiya da bokiti suna wanke kujerun filin Gigg Lane da fatan za a buga wasa, ba a buga ba. Sun ba da duk abin da mai ƙauna zai iya bayarwa, amma ba su da ko ƙuri'a ɗaya a kan wanda za a sayar wa ƙungiyar, ba su kuma da ikon duba littafin kuɗinta. Ga kuma Manchester United da Manchester City a bakin ƙofa suna janye yaran garin.

Sai dai a nan ne kuma ake ganin abin da ƙauna take iyawa. Mutanen Bury sun kafa wata ƙungiya daga can ƙasa, suka tara kuɗi, da tallafin gwamnati suka sayi filin a 2022, a 2023 aka koma buga wasa a Gigg Lane da sunan Bury, a rukuni na tara, ƙungiyar tana hannun magoya bayanta. Kafin su mutanen Wimbledon a Landan sun yi haka: da aka ba da izinin ɗauke ƙungiyarsu zuwa Milton Keynes a 2002, suka kafa AFC Wimbledon a rukuni na tara, a 2011 suka dawo cikin ƙwararru, a 2020 suka shiga sabon filinsu a unguwarsu ta asali. Ƙungiyar ba ta mutu ba ke nan. Amma ka lura da tsawon shekarun da aka ɗauka ana hawa daga ramin da mutum ɗaya ko biyu suka jefa ta.

To waɗanda suka yi nasara fa, yaya suka yi? Villarreal ta Sifaniya garinta mutum wajen dubu 50 ne, filinta kuwa na ɗaukar kusan rabinsu. Wani mai masana'antar tayil, Fernando Roig, ya saye ta a 1997, a 1998 ta fara hawa La Liga. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Zakarun Turai a 2006 da 2022, ta kuma doke Manchester United da ci 11 da 10 a bugun fenareti ta ɗauki kofin Europa a 2021, kakar da ɗan wasan Najeriya Samuel Chukwueze ke cikinta. Abin da na fi girmamawa a tsarinsu shi ne kuɗin farko makarantar horar da yara da filayen atisaye aka zuba wa. Sun ɗauko Chukwueze yana yaro, suka raine shi, suka sayar wa AC Milan a 2023. Da suka faɗa rukuni na biyu a 2012 ba su wargaje ba, shekara ɗaya suka dawo. Bodø/Glimt ta Norway, can arewa inda rana ba ta faɗuwa a tsakiyar bazararsu, garinta bai fi Villarreal girma sosai ba, filinta kujera wajen dubu takwas. Ta ci gasar ƙasarta a 2020 karo na farko, ta zura wa Roma 6 da 1 a 2021, ta kai kusa da na ƙarshe a Europa a 2025. Ɗan wasan Najeriya Victor Boniface ta nan ya bi. Irin waɗannan sun yarda da matsayinsu: mu masu reno ne, muna saye da araha ko mu raina da kanmu, mu sayar da tsada, mu riƙe koci da salon wasa tsawon shekaru. Magoya bayansu kuma sun koyi haƙurin rabuwa da gwarzonsu duk bayan shekara biyu ko uku, wanda shi ma wani nau'in goyon baya ne, kuma ya fi ihu wahala.

Eibar ma ta cancanci ambato. Gari ne mai mutum dubu 27 a yankin Basque. Da ta hau La Liga a 2014 ba ta da bashi, amma doka ta ce sai ta ƙara jarinta da kusan yuro miliyan 1.7 ko a mayar da ita baya. Ta sayar da hannun jari a yuro 50, mutane daga ƙasashe fiye da 50 suka saya. Ta yi kaka bakwai a sama, kuma ta yi sa'a a 2015 Sifaniya ta kafa dokar sayar da haƙƙin talabijin a dunƙule, bayan shekarun da Real Madrid da Barcelona ke kwashe kaso mafi tsoka.

Yanzu mu dawo gida, don na san tambayarka ba don Wisconsin ka yi ta ba. Mu ma mun taɓa samun Villarreal ɗinmu. BCC Lions ta Gboko, ƙaramin gari a Binuwai, ta ɗauki kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1990 a hannun koci Shuaibu Amodu, ta ci gasar Najeriya a 1994. Kamfanin siminti ne ke ɗauke da ita. Da kamfanin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ƙungiyar ta bi shi, mutanen Gboko kuwa ba su da wata hanya ta karɓar ta don ba a taɓa ba su wani kaso a cikinta ba. Raccah Rovers ta Kano da ta ci gasa a 1978, Mighty Jets ta Jos da ta ci ta farko a 1972, Ranchers Bees ta Kaduna, tsofaffinmu har yau suna ba da labarinsu, amma ka duba inda suke. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yau mafi yawan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists ta Bauchi, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, Niger Tornadoes, Gombe United, Nasarawa United. Ba zan raina wannan ba, domin ba don gwamnatocin ba da yawancinsu sun rufe, kuma Enyimba ta Aba da kuɗin gwamnatin Abiya ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Amma tsarin yana da illar da ke damuna. Ƙungiya tana rayuwa ne da son gwamna mai ci, in aka sauya gwamnati a sauya shugabanninta, wani lokaci a manta da ita a kasafi. Sau da yawa kuma ana buɗe ƙofa kyauta don a cika fili. Fili yana cika, hoto yana kyau, amma an koya wa mai kallo cewa ƙungiyar ba nauyinsa ba ce. Duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha ranar da Sai Masu Gida ke wasa ya san ƙauna ba ita muka rasa ba, kuma Pillars ta ci gasa a 2008, 2012, 2013 da 2014 da wannan taron a bayanta. Duk da haka ta faɗa rukuni na biyu a 2022 kafin ta dawo. Kano ba ƙaramin gari ba ce, amma ta fuskar kuɗin da ke shiga asusun ƙungiya daga aljihun masoyanta, dukanmu ƙananan kasuwanni ne. Matashin da zai biya kuɗin gidan kallo duk mako don Arsenal ko Madrid, ya sayi rigarsu, bai taɓa samun wanda ya miƙa masa katin zama mamban ƙungiyar garinsa ba. Ban ga laifinsa ba, ba a tambaye shi ba ne.

Akwai kuma nau'in ƙauna da ke cutarwa, dole in faɗa. Jifa, dukan alƙalin wasa, fasa motar baƙi. Hukuncinsa tara ne, da zaftare maki, da mayar da wasannin gida wani gari ko rufe fili, wato ƙungiya ta rasa kuɗin ƙofa da ƙarfin gida a lokaci guda. Kamfanin da ke tunanin talla kuma sai ya ja da baya, magidanci ba zai kawo 'ya'yansa ba.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne Remo Stars ta Ikenne, ƙaramin gari a Ogun, da ta ci gasar Najeriya a 2025. Ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, tana da filinta na kanta da makarantar yara, tana sayar da 'yan wasa waje. Hanyar Villarreal ce sak. Haɗarinta kuma shi ne na Gboko, komai yana wuyan mutum ɗaya.

Game da abin da ke tafe, ina ganin abubuwa biyu na jan igiya. Manyan ƙungiyoyi suna ta neman ƙarin kaso, kuma yunƙurin manyan ƙungiyoyin Turai 12 na ware kansu su kafa gasar Super League a Afrilun 2021 ya nuna inda zuciyarsu take, ko da yake zanga-zangar magoya baya a Ingila ta rusa shi cikin kwana biyu zuwa uku. Ga kuma sabon salo na attajirai su sayi ƙungiyoyi da yawa, ƙaramar ta zama wurin ajiye yaran babbar, kamar yadda masu Chelsea suka sayi Strasbourg ta Faransa a 2023 wasu magoya bayanta suka yi ta bore. Ƙungiya tana iya samun kuɗi ta wannan hanya ta rasa kanta. A ɗaya gefen, Jamus tun 1998 tana da dokar da ta bar wa mambobi rinjayen ƙuri'a a ƙungiyoyinsu, Ingila ta kafa hukuma mai zaman kanta a 2025 da za ta binciki masu sayen ƙungiyoyi da lafiyar kuɗinsu, kuma abin da ya sami Bury yana cikin dalilan kafa ta. Hasashena shi ne ƙaramar ƙungiya cin babbar gasa zai ƙara wuya, irin abin da Leicester ta yi a 2016 da ta ci Firimiya ba zai yawaita ba, kuma ita kanta Leicester ta faɗa a 2023 ta sake faɗawa a 2025. Amma rayuwa cikin mutunci, da ɗaukar kofi jefi-jefi, da zama abin alfaharin gari, wannan yana nan ga wadda ta tsara kanta.

In kana cikin masu faɗa a ji a ƙungiyar garinku, ko cikin ƙungiyar magoya baya, ga inda zan ce ku fara. Ku yi wa ƙungiyar magoya bayan rajista a hukumance, da kuɗin shekara ko kaɗan ne, da asusun banki da ake karanta lissafinsa a bainar jama'a, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku nemi kujera ɗaya a hukumar gudanarwa, a rubuce, yadda sauyin gwamnati ba zai share ta ba. Ku nemi a san matsayin fili: na wa ne, shekara nawa aka ba ƙungiya, wa ke karɓar kuɗin ƙofa da na shagunan da ke kewaye. Sannan ku matsa a riƙa yi wa kowane yaro rajista tun yana shekara 12. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma tun 2022 akwai ofishin da ke bin wannan kuɗin ta hanyar bayanan rajista. Yaron da ya tashi a filin unguwarku aka sayar da shi yuro miliyan 20 a Turai, yuro miliyan ɗaya ke nan da za a raba wa waɗanda suka raine shi, kuma wanda sunansa ke cikin takarda shi ake biya.